Rigakafin shawara a asibitin ƙauyenmu: allura kam sun iya, amma bayani ba ya dawowa

Salamu alaikum jama'a. Yau a kan ƙaramin asibitinmu na sha-ka-tafi zan yi magana, amma ba duka aikinsu ba fa, don in na ce zan taɓo awon ciki da haihuwa da maganin nan da kullum ake cewa ya ƙare je ka kemis, to sai mu kwana a nan. Ɓangare ɗaya na ɗauka, rigakafin cutar shawara wadda sauro ke yaɗawa, da kuma yadda suke bibiya in aka ce wane ya yi zazzaɓi idonsa ya koma yalo. Sunan garin ba zan faɗa ba saboda ma'aikatan duk 'yan uwa ne da surukai, kullum muna haɗuwa a masallaci da wajen suna, ku dai ɗauka ƙauye ne a kudancin Jigawa wanda in ka hau mashin ka ɗan taɓa tafiya sai ka gan ka a ƙasar Bauchi. In maki ake so, wajen allura takwas cikin goma na ba su, wajen zuwa ɗibar jini da tambayoyi bakwai, amma wajen dawowa su gaya wa mutane abin da aka gano ko uku da ƙyar.

Abin da ya sa ma maganar ta dame ni, mu da mutanen Bauchi kasuwa ɗaya muke ci, auratayya muke yi, samarinmu da damina can suke tafiya ƙwadagon noma wasu kuma saran itace da gawayi a cikin daji. To a 2019 cutar nan ta ɓarke a ƙaramar hukumar Alkaleri wajen dajin Yankari, kuma wanda aka fara ganowa ma a Kano aka gano shi a ƙarshen watan Agusta, ya je Yankari ne ya dawo da ita. A shekarar dai ta taɓa Katsina, ƙarshen 2020 kuma sai ga ta a Ganjuwa, wadda ita kam ba wani nisa tsakaninmu. Asali tun Satumbar 2017 ta sake ɗago kai a Najeriya bayan an daɗe ba a ji ɗuriyarta ba, a jikin wata yarinya 'yar shekara 7 a Ifelodun ta jihar Kwara. Don haka in wani a majalisa ya ce maka ai wannan ciwon mutanen kudu ne, ka tambaye shi tun yaushe Ganjuwa ta koma kudu.

Bari in fara da inda suka burge ni. Ranar rigakafi Laraba ce, kuma da gangan aka kauce wa ranar kasuwa, wannan kaɗai ma dabara ce don ba macen da za ta bar sayar da ƙuli-ƙulinta ta zo ta zauna a benci. In-caj ɗinmu mace ce, Hajiya kowa ke ce mata, ba ta da yawan fara'a gaskiya amma aiki kam a hannunta yake. Ni da kaina na kai ƙaramar 'yata da ta cika wata tara saboda uwarta ba ta jin daɗi, ni kaɗai ne namiji a layin ƙarƙashin darbejiya, matan nan sai tsiya suke min wai Malam yau kai ne da goyo, a kawo maka zani. Da layi ya zo kaina na tsaya na ga komai da idona. Suna da firij mai aiki da sola, ba ruwansa da NEPA wadda dama rabonmu da ita an kwana biyu, daga ciki ake ɗebo na ranar a zuba a 'yar kula mai ƙanƙara. Hajiya ta ciro 'yar kwalba ta ɗaga ta nuna min wani tambari a jikinta, da'ira ce da ɗan murabba'i a tsakiya, ta ce Malam ka gani, muddin na cikin nan ya fi na wajen haske maganin lafiyarsa ƙalau, in ya yi duhu zafi ya taɓa shi sai zubarwa. Maganin gari ne a cikin kwalbar, akwai ruwansa daban da ake zuƙowa a haɗa, tana haɗawa ta duba agogon wayarta ta rubuta lokaci a jikin kwalbar da biro. Sirinji sabo a gabana ta ɓare ledarsa, irin wanda in an danna sau ɗaya ya maƙale ke nan ba ya sake aiki, ana gamawa ta jefa shi cikin wani kwali mai ƙaramin baki. Ta ce riƙe ta da kyau Malam ka danne mata ƙafa, ta ƙyanda a damtse ɗaya, ta shawara a ɗayan, rabin mil ne kacal, kafin yarinyar ta gama buɗe baki ta yi kuka an wuce wajen. Ba ta bari mun tashi nan take ba, ta ce mu ɗan zauna a inuwa a ga yanayin jikinta, in ta yi ɗan ɗumi da daddare ko wajen ya ɗan tasa ba komai ba ne, amma in fuska ta kumbura ko numfashi ya canza a dawo da gudu. Ko sisi ba a karɓa a hannuna ba, kuma na kasa kunne ko zan ji an ce wa wata kawo na kati, ban ji ba.

Allurar nan tun 2004 aka saka ta cikin jerin rigakafin yara a Najeriya, a wata tara, kuma sau ɗaya ake yin ta ta wadatar har ƙarshen rayuwa. Da can ana cewa duk shekara goma sai an sake, amma a 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu buƙata, daga watan Yulin 2016 kuma har a dokar tafiye-tafiye aka soke maganar sabuntawa. Cikin kwana 10 yawancin mutane sun samu kariya, kafin kwana 30 kuwa sama da kashi 99 cikin ɗari. Ina jin dattawanmu in sun noƙe, kuma ban ga laifinsu gaba ɗaya ba, wanda ya rayu ya ji abin da ya faru da yara a Kano a 1996 lokacin gwajin maganin Trovan ana tsakiyar annobar sanƙarau dole ya riƙa tambaya kafin ya miƙa hannun jikansa. Sai dai ita wannan ba sabuwa ba ce da za a ce a kanmu ake gwadawa, ta girmi kakannin wasunmu. A 1927 aka samo asalin ƙwayar daga jinin wani mutumin Ghana mai suna Asibi, aka yi ta raunana ta har Max Theiler ya fitar da rigakafin a 1937, a kansa aka ba shi kyautar Nobel a 1951, kuma duk alhajin da ya sauke farali daga garinmu an yi masa ita kafin ya hau jirgi, ga su nan da 'ya'ya da jikoki cike da gida.

To ga inda na cire musu maki biyu. Kwalbar nan ta mutum goma ce, kuma da zarar an haɗa ta da ruwa awa shida kawai take da shi, bayan nan ko saura tara ne a ciki zubarwa za a yi, shi ya sa ake rubuta lokaci. Saboda tsoron a ce sun yi ɓarna sai wani lokaci su ƙi buɗewa in yaran wata tara ba su taru ba. Na ga wata Bafulatana da ta taso daga ruga tun sassafe a ƙafa, ɗa a baya ƙwarya a ka, aka ce mata yau ku uku ne kawai, ki dawo Laraba mai zuwa. Ba ta ce uffan ba ta gyara goyonta ta juya. Ni a ganina gara a yi asarar ragowar kwalba da a yi asarar yaron, don wadda ta yi wannan tafiya aka mayar da ita ba lallai ka sake ganin ƙeyarta ba, balle in kaka ta yi suka ɗaga da shanu. Na yarda suna fita rugage a kan mashin lokaci lokaci su yi a can, amma fitar tana bin samuwar kuɗin mai ne, ba bin kalanda ba. Sannan akwai dogon gibin nan, daga allurar sati 14 zuwa ta wata tara, a tsakanin nan ne iyaye mata ke shagala kati ya shige ƙarƙashin katifa ko gara ta cinye shi. Hajiya tana da rajista da take duba waɗanda ba su dawo ba ta aika sunayensu gidan mai unguwa, wannan kam na yaba, ya dawo da yara da yawa.

Manya kuwa kada ka wanke ƙafa ka je ranar Laraba ka ce a yi maka, ta yara ce ake ajiyewa. Manya sai lokacin gangami, wanda ake yi wa daga wata 9 zuwa shekara 44, cikin shirin nan na kawar da annobar shawara na 2017 zuwa 2026 da aka ƙaddamar a Abuja a watan Afrilun 2018, jiha jiha ake bi. Da ya zo kanmu sun kafa tebur a ƙofar gidan dagaci da firamare da bakin kasuwa, mai shela ya zaga da lasifika, mata da yara suka fito sosai, mu maza kuwa abin kunya, rabin majalisarmu suna zaune suna kallo wai su ba yara ba ne, alhali su ne masu shiga daji inda birai suke, kuma a jikin biri ƙwayar take zama sauron daji ya ɗauko ya sa wa mutum. Abin da ban ji daɗinsa ba a gangamin, wasu daga cikin yaran da aka ɗauka aikin wucin gadi sauri kawai suke a cika lamba, ba sa tsayawa tambaya. Ita Hajiya sai ta tambayi mace a hankali ko tana da juna biyu, ta tambaya ko ƙwai yana tayar wa mutum da wani mummunan abu a jiki, ko yana da ciwon da ya karya masa garkuwar jiki sosai, don waɗannan ba a yi musu haka kawai, wanda ya haura 60 ma sai likita ya duba. Wani abu kuma da ke rikita mutane, katin da aka ba ka a gangami ko na asibitinmu ba shi ne yalo kad na fita waje ba, wannan a ofishin lafiya na tashar jirgi ake yin sa, kamar na filin jirgin Malam Aminu Kano, kuma sai bayan kwana 10 da allura yake fara aiki, don haka mai niyyar Umara kada ya bari sai ana gobe tafiya. Masu cewa kawo kuɗi in kawo maka kati ba sai an huda ka ba, kanka ka cuta, sauro ba ya karanta kati.

Yanzu ga ɓangaren da da yawa ba su san ma yana cikin aikin asibitin ba. Ƙa'ida ce duk wanda zazzaɓi ya rufe shi farat ɗaya, sannan cikin kwana 14 ido ko fata ta yi yalo, sai an kai rahotonsa sama ba tare da jiran a tabbatar ba. Kowace ƙaramar hukuma tana da jami'in sa ido kan cututtuka, DSNO suke ce masa, a ƙarƙashinsa kuma akwai masu tsegunta masa labari a cikin gari, wanzamai da ungozomomi da masu ɗori da masu kemis, tsarin da aka gina tun zamanin farautar shan inna da ake neman yaron da ƙafarsa ta saki lokaci guda, har aka kai ga ayyana Najeriya ta rabu da nau'inta na asali a watan Agustan 2020. Su ɗin dai ake amfani da su yanzu wa ƙyanda da sanƙarau da mashaƙo da ita shawarar.

Na ga yadda abin ke aiki ne a gidan maƙwabcina. Ɗansa saurayi ya dawo daga ƙwadago ta wajen Bauchi da zazzaɓi mai zafi da ciwon kai da ciwon baya da amai, aka kai shi kemis, ba gwaji ba komai aka narka masa allurar maleriya. Ya ɗan samu sauƙi har ya fito ƙofar gida, sai kuma jiki ya dawo sabo, ido ya yi yalo shar fitsari ya yi duhu. Kakarsa ta ce shawara ce ta saba gani, ta sa aka saro rawaya aka jiƙa masa. Wanzamin unguwarmu ne ya je yi wa mai gidan aski ya ga yaron, bai ce komai ba a wajen amma yana fita ya biya asibiti. Bayan la'asar sai ga Hajiya da kanta, ta yi sallama ta shiga, ta ja fatar idon yaron ƙasa ta haska da fitilar waya, ta fito tsakar gida ta buga waya. Washegari da hantsi sai ga jami'in a kan mashin duk ƙafarsa caɓo, ya ɗaure kula da roba a bayansa. Mutumin nan ya san kan mutane wallahi, sai da ya durƙusa ya gai da mai gida, Baba sannu da jinya, ya mai jiki, ya nemi izini kafin ya taɓa jakarsa. Tsohuwa ta tare ƙofa ta ce yaron da jini ya ƙare a jikinsa za ku zo ku zuƙe ɗan sauran? Ya ciro 'yar kwalbar ya ɗora mata a tafin hannu ya ce Iya duba ki gani, iyakar abin da zan ɗiba ke nan, kuma ba don shi kaɗai ba ne har da sauran jikokinki da ke kwana ɗaki ɗaya da shi. Ta juya ta ta juya ta sannan ta matsa gefe tana ƙunƙuni. Ya cike fam mai tsawo, yaushe zazzaɓin ya fara, yaushe idon ya canza, wane daji ya shiga, da su wa ya tafi, an taɓa yi masa rigakafi, ina katin, kati kuwa babu. Daga nan suka zaga gidajen layin shi da mai unguwa suna tambayar ko akwai mai irin wannan, suna duba katin yara. Ya ce a sa yaron cikin gidan sauro har da rana, saboda a kwanakin farko ƙwayar tana yawo a jini, sauron da ya cije shi zai iya kai wa na kusa, ya hana a ba shi asfirin da ibufurofen da diklofenak don suna ƙara jawo zubar jini, ya kuma matsa lallai a wuce da shi babban asibiti a ranar.

Ya yi daidai da ya matsa, don ita shawarar sauro haka take yaudarar mutane. Kwana 3 zuwa 6 bayan cizo take bayyana, kamanninta ɗaya da maleriya, yawanci cikin kwana 3 ko 4 mutum ya warware shi ke nan. Amma wasu 'yan kaɗan bayan wannan ɗan sauƙin sai ta dawo ta kama hanta da ƙoda, ido ya yi yalo, jini ya riƙa fita ta hanci da dasashi ko a yi aman jini, kuma cikin waɗanda suka kai wannan mataki kusan rabi ba sa wuce kwana 7 zuwa 10. Bairos ce, ba ta da maganin da ke kashe ta, maganin maleriya ba ya taɓa ta, abin da asibiti ke yi shi ne tallafar jiki da ƙarin ruwa da jini har Allah ya kawo sauƙi. Kuma ba duk yalon ido ne ita ba, ciwon hanta yana kawo shi, maleriya mai tsanani tana kawo shi, masu sikila ma suna yi, da ido ba mai iya rabewa ko Hajiya ko tsohuwa mai rawaya, sai gwaji.

Gwajin kuma tafiya ce mai nisa. Jinin sai an tace shi an riƙe shi cikin sanyi, ya je jiha, daga nan ya wuce ɗaya daga cikin ɗakunan gwajin da aka ware, akwai na asibitin Yusuf Dantsoho a Kaduna akwai babban na NCDC, hukumar yaƙi da cututtuka masu yaɗuwa ta ƙasa, a Gaduwa Abuja, kuma shekara da shekaru in ya nuna alama sai an sake tura shi cibiyar Pasteur da ke Dakar a Sanagal a tabbatar, saboda gwajin farko yana iya ruɗewa da 'yan uwanta irin su denge ko ma da rigakafin da aka taɓa yi wa mutum. Dole a yi wannan taka-tsantsan don mutum ɗaya tak in aka tabbatar, annoba ake ɗaukarsa, sai a taso da gangamin allura a yankin duka. Duk wannan na fahimta, ban ce a kawo sakamako washegari ba. Abin da ya ɓata min rai shi ne bayan mashin ɗin nan ya juya shiru kake ji kamar an aiki bawa garinsu. Yaron ya yi jinyarsa a babban asibiti, can suka ce ciwon hanta ne, Allah ya tashi kafaɗarsa ya dawo har ya koma gona, ba wanda ya taka ƙafa ya zo gidan ya ce Baba ga abin da aka gani a jinin ɗanka. Sai da na je karɓar maganin mura na tambayi Hajiya da bakina, ta ce au ai ya daɗe da fitowa, ba ita ba ce. Wato sakamako ya dawo lafiya lau, a cikin fayil ɗinsu ya kwanta, tsakaninsa da gidan mutanen nan bai fi tafiyar da za ka yi kafin shayi ya huce ba.

Su a wajensu tunda ba ita ba ce magana ta ƙare. A unguwa kuwa lokacin ta fara. Tsohuwa ta samu abin faɗa, duk gidan suna da gidan biki sai ta ce ba na gaya muku ba, sun kwashi jinin yaro sun tafi da shi ko waiwaye, wasu suka ƙara gishiri wai sayarwa ake yi, wanzami kuwa har yau akwai gidajen da ake yi masa kallon ɗan rahoto, ya rasa kwastomomi a kan aikin alheri. Kuma ba a jima ba wata yarinya ta yi irin wannan yalon ido a bayan layinmu, mutanen gidan suka rufe ƙofa suka hana kowa sani sai da ta warke ake ji. Da ace ita ce fa? Duk man da jami'in nan ya ƙona da durƙuson da ya yi, rashin taku kaɗan na komawa a ce alhamdu lillahi ba ita ba ce mun gode da haɗin kai, ya rushe shi. Shi ya sa na ce uku, kuma ukun ma don Hajiya ba ta ɓoye min ba da na tambaya.

Sai maganar sauron kansa, nan ma akwai gyara. In ka zauna wajen faɗakarwar da suke yi wa mata kafin a fara allura, gidan sauro gidan sauro kawai za ka ji. Gidan sauro kam dole ne, kowa ya ɗaura, don mai kawo maleriya da dare yake cizo kuma ita ce ke kwashe mana yara kowace damina. Amma mai kawo shawara wani ne daban, Edis malaman lafiya ke ce masa, ɗan baƙi ne mai zanen fari fari a ƙafafu, da rana yake cizo, musamman da sanyin safiya da kuma bayan la'asar kafin magariba, lokacin da kake alwala ko kana zaune a dakali, waye ke cikin gidan sauro a lokacin? Igiyar leƙo da fiya-fiyar da muke ta fama da su da daddare, ban da shaƙe yara da suke yi, shi lokacin ma ya gama cin abincinsa. Kuma ba a kwatami ko kududdufi ya fi hayayyafa ba, ruwa mai kyau yake so wanda ke cikin mazubi.

Wannan a bakin duba-gari na ji shi, ba a asibiti ba. Bayan zuwan jami'in nan aka turo shi zagaye, ya biyo ta shagon ƙanina mai faci a bakin titi, wanda ya tara tsofaffin tayoyi a bayan shago sun kai tsayin mutum. Ya ce Malam ara min farar roba, ya karkato taya ɗaya ya tsiyaye ruwan ciki, wallahi sai ga tsutsotsi baƙaƙe suna ta wutsil-wutsil, in ka kawo inuwar hannunka sai su nutse ƙasa gaba ɗaya. Ya ce cikin sati guda zuwa kwana goma duk waɗannan sun yi fiffike, kuma shi wannan sauron ba ya nisa da inda aka haife shi, wanda ya cije ka naka ne ko na maƙwabcinka. Ya ce a huda tayoyin ko a cika su da ƙasa, ƙanina ya ce Yallaɓai in na huda me zan sayar, ya ce wadda za ka sayar ka shigar da ita rumfa, wadda ta mutu ka daina yi mata gata. Ya ɗaga kai ya nuna tayoyin da muke ɗorawa kan kwano don iska, ya ce waɗancan ma duk ruwa ne a ciki ba mai hawa ya duba. Da ya shiga gida kuwa kan randa ya tsaya, ya ce wa matata Uwargida ba zubar da ruwan ne kawai ba, ƙwan a jikin bangon randar yake manne sama da bakin ruwa kaɗan, yana iya yin watanni a bushe bai mutu ba, ruwa na taɓa shi ya ƙyanƙyashe, don haka duk sati a juye a sa soso a dirje ciki sannan a rufe da murfi mai kama baki, haka duro, haka kaskon kaji, gwangwanaye da fasassun tukwane da ke bayan ɗaki kuma a kife ko a binne. Bayanin da bai ɗauke shi komai ba amma ban taɓa jin an yi wa mata shi ranar Laraba ba, alhali su ne masu randa. Shi ma duba-garin tun daga ranar ba mu sake ganinsa ba, sai wani abu ya faru ake tuna akwai shi. Kuma don Allah Hajiya in wannan rubutu ya iso gare ki, tankin da ke bayan ɗakin haihuwa ba shi da murfi, na leƙa.

Kada a ce ai tunda an yi allura maganar randa ta wuce. Shi dai wannan sauron shi ke ɗaukar zazzaɓin denge, wanda NCDC ta tabbatar da ɓullarsa a Sakkwato a watan Nuwamban 2023, kuma shi babu allurarsa a firij ɗin asibitinmu, abin da ya rage mana kawai hana sauron wajen haihuwa.

Na kai maganar sakamako gaban shugaban kwamitin lafiya na mazaɓarmu, na ce ranka ya daɗe abu ɗaya nake roƙo, duk gidan da aka ɗebi jini, ko me gwaji ya nuna, mai unguwa ya raka ma'aikaci a koma a faɗa musu baki da baki, in da hali a gaban wanda ya kai labarin don a wanke shi. Ya ce zai saka a zaman wata mai zuwa, muna nan muna jira. Mai ɗan wata tara dai ya je Laraba da wuri kafin a buɗe kwalba, ya riƙe kati, in katin ya ɓata ma ya je akwai rajista za a duba, in kuma an ga mai zazzaɓi da yalon ido ba a samu Hajiya a waya ba, layin NCDC 6232 ne kuma kiran kyauta ne, sai dai a garinmu sai ka hau tudun makaranta kafin sabis ya kama.